Katangar da Illa Ya Gina

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Asabar, lokacin da nake nuna maku yadda ake yaga likkafani. Ya ɗauka kunnena ya mutu. Da Faransanci ya faɗa wa na kusa da shi cewa ai aikin nan ruwa da sabulu ne, mako guda ya isa mutum ya iya. Ban ji haushi sosai ba, don ni ma haka na zata da farko. Amma tunda liman ya ce ku za ku gaje ni a wankan gawa da tura ta gida, to ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Gawar da na fara taɓawa a ƙasar nan ta wani mai sharar titi ce, a Montreuil. Ya rasu a foye, gidan nan da ma'aikatanmu ke kwana gado kusa da gado. Ni a lokacin sabon zuwa ne daga Maraɗi, ina wanke kwanoni a gidan abinci. Aka ce Malam Hisen, wani dattijon Cadi mai wankan gawa, yana neman wanda zai riƙe masa buta. Na riƙe. Da muka gama ya dube ni ya ce, "Ba ka yi surutu ba, ba ka kuma gudu ba. Gobe ka dawo." Shekara guda cur buta kawai nake riƙewa. In na zuba ruwa da sauri sai ya buge mini hannu. Yana cewa ruwan ya zama irin wanda za ka yi wa jariri wanka da shi, kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi, don mutum ne kwance, ba kaya ba.

Jakar da kuka gani tasa ce. Buta biyu, garin magarya, kafur, auduga, safar hannu, almakashi marar tsini, sai farin yadi. Da dama ake farawa. Ana rufe al'aura tun daga farko har ƙarshe. Ciki a hankali ake matsa shi. Abin da idonka ya gani kuwa a ɗakin yake zama, ko matarka ba ta ji. Wannan duk za ku koya, har mai bakin nan na ranar Asabar.

Abin da ba a koya cikin mako shi ne liƙi. In gida za a kai mutum, jirgi ba ya ɗaukarsa a likkafani kawai. Akwati biyu ne, na katako a waje, na tutiya a ciki. Sai an bi meri, wato ofishin magajin gari, da ofishin parfe, wato gwamnan yanki, da ofishin jakadancinmu an samu izini, sannan ɗan sanda ya zo ya tsaya a kanka, ka bi bakin tutiyar da dalma ka liƙe ta ruf, shi kuma ya buga hatimi. Daga nan ba mai sake buɗewa a ƙasar nan. Ko ɗan mamaci ya iso daga nesa yana kuka yana roƙon ganin fuskar ubansa, ba dama. Sai mota daga nan Lyon zuwa Paris, a miƙa shi ga masu jirgi a filin jirgin Roissy. Shi ya sa ba na ɗaukar ƙarfen liƙi sai na tambayi iyali da bakina: kun tabbata? Don na ga gidajen da tsofaffi ke cewa gida, 'ya'yan da aka haifa a nan suna cewa a bar masu ubansu kusa, inda za su iya ziyara. Kai kana tsakiya da ƙarfe mai zafi a hannu.

Shekarar annoba ce ta fi kowace muni. Aka hana wanka. Mutum ya zo maka cikin jakar leda a rufe, sai dai ka yi masa taimama ta saman leda. Jirage sun tsaya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna cewa ƙasar ubansu za su kwanta, muka binne su nan, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar gari. A nan layi ake bi, wanda ya riga mutuwa shi ke gaba, ba a tambayar ɗan wane ne. Amma kabarin haya ne na wasu shekaru. In wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ana iya tone mutum a ba wani wurin. A shekarar masu ɗaukar akwati sun yi ƙaranci, kowa na tsoro. Wanda bai taɓa ce mini a'a ba shi ne Illa.

Illa magini ne, mutumin Adar, tsarana. A unguwar Minguettes yake zaune, can saman wani dogon bene. Ya zuba kankare a Lyon har gwiwoyinsa suka gama aiki. Mutum ne mai tsantsenin aiki, in ya shigo ɗakinka sai ya ƙwanƙwasa bango ya gaya maka wanda ya yi shi ɓarawo ne. Ranar da muka binne wani abokinsa a shekarar annobar, ya tsaya yana kallon ɗan allon lamba da aka kafa a kan kabarin, ya ce mini, "Habu, ni ba ni kwanciya ɗakin haya bayan na mutu. Na gaji da haya."

Ku da aka haifa a nan ba ku san abin da zan faɗa ba, ko kun sani kuna yi kamar ba ku sani ba. Ɗiyarsa Rabi ce ta ce in faɗa, har ta ce in faɗa da ƙarfi. A garinsu Illa maƙabarta biyu ce. Ɗaya ta 'ya'yan gari, ɗaya ta waɗanda kakanninsu bayi ne, tana manne da ita ta arewa. Kakan Illa bawan gidan sarautar garin ne. Tun zamanin Nasara aka ce bauta ta ƙare. Daga baya gwamnatinmu ma ta rubuta doka, wanda ya riƙe mutum bawa gidan kaso zai shiga. Illa na da fasfo, yana da katin zaɓe. Duk zaɓe sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris ya jefa ƙuri'a, ya dawo yana nuna mana yatsa mai tawadar zaɓe. Ba mai ce masa bawa a fuska. Amma in aka yi taron 'yan garinsu a Montreuil, danginsa ne ke ɗora tukunya, su ne kuma ke ci daga ƙarshe.

'Yan garin nasu na nan Faransa suna da ƙungiya. Shugabanta Alhaji Mahaman, ƙanen hakimin garin, dattijo mai sanyin magana. Ƙungiyar ce ta haƙa rijiya, ta gina lakwal, wato makaranta, da ɗakin shan magani. Sai aka zo maganar katangar maƙabarta, don dabbobi na tattake kaburbura. Wa zai gina? Illa. Ya ɗauki hutunsa ya tafi. Da ya isa ya tarar dattawa sun riga sun ja layi da toka, layin ya zagaye ta 'ya'yan gari ya bar ta arewa a waje, inda uban Illa yake kwance. Ya yi magana. Aka ce siminti ne bai isa ba, za a zagaye tasu daga baya. Alhaji Mahaman ya kira shi ta waya ya ce wannan tsohuwar magana ta wuce, shi Illa in ransa ya yi halinsa cikin katanga zai kwanta, daga kansa za a fara. Illa ya yarda. Ya yi ginin irin na nan, tushe mai zurfi, rodi a ciki, kankare har sama. Ya dawo yana nuna mini hotuna kamar wanda ya yi sabon ɗa. Ba a zagaye ta arewa ba har ya kwanta ciwo.

Na je duba shi a likita ana gobe zai rasu. Rabi na zaune gefensa da kayan aikinta, don tiram take tuƙawa, jirgin ƙasan nan na cikin gari, daga aiki ta wuto. Ya kama hannuna ya ce, "Habu, gida ni ka so. Amma kada ka liƙe ni sai ka ga ramin da idonka, cikin katanga."

Na ce, "Illa, ina Lyon, yaya zan ga rami a Adar?"

Ya ce, "Mi amfanin wayar da ke aljihunka?"

Na yi masa alkawari. Rabi na ji.

Ni na wanke shi. Tafin hannunsa kaɗai zan ambata, don kowa ya san shi, kaushi kamar buhu. Na sa masa likkafani, muka mayar da shi ɗakin sanyi, na fara bin takardu. Doka kwanaki kaɗan take ba ka, ko ka binne ko ka tura. Na samu wuri a jirgi, na samu ranar da ɗan sanda zai zo. Sai na kira Alhaji Mahaman. Muka gaisa a gajarce, na yi masa gaisuwar rashi, na ce, "Alhaji, maganar wurin kwanciya."

Ya ce, "Malam Habu, ai an gama wannan tuntuni. Ka liƙe kawai."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, mamaci ya bar wasiyya. Sai na ga rami."

Ya ce, "Maganata ba ta isa ba ke nan?"

Wallahi na ji nauyi, don Alhaji ba mutumin da ake ce wa haka ba ne, kuma rabin gawarwakin da nake turawa ta hannun irinsu suke biyowa. Na ce ta isa, amma ta mamaci ta riga ta. Ya ce zai yi magana da yayansa.

Kwanakin da suka biyo ban ji daɗin abinci ba. Kullum sai na kira Yahaya, ɗan ƙanen Illa, wanda ke can garin, shi ma magini, a hannun Illa ya koya. Kullum amsa ɗaya: hakimi ya ce ba wanda ya ce Illa bawa ne, Allah ya kiyaye, kawai dai kowa kusa da ubansa ake binne shi. Rabi ta same ni a kantin kayan miya a Guillotière, idonta jajur, ta ce, "Baba Habu, a binne shi nan. Ni zan riƙa sabunta hayar har in mutu."

Na ce, "In kin mutu fa?"

Ta ce, "To a can ɗin bayan katanga za a jefa shi kamar bai gina ta ba?"

Nan haya, can bayan katanga, shi kuma mai maganar yana kwance cikin sanyi yana jirana. Masu ɗakin sanyi sun fara tambaya. Na roƙi masu jirgi suka ɗaga mini rana, suka ce ba za su ƙara ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoye maku. Ina tsoron in binne shi nan ya zama na hana shi gida, ina tsoron in tura shi ya zama na miƙa shi ga wulaƙanci da hannuna.

Da safen ranar da ɗan sanda zai zo, ina ɗakin liƙi, Rabi na tsaye bakin ƙofa, sai ga kiran Yahaya mai hoto. Ya ce Alhaji ya shawo kan yayansa, an ba da wuri. Na ce ya nuna mini. Ya juya wayar. Na ga rami, sabuwar ƙasa a gefe, da lahadu an gyara shi. Na ce ya ɗaga sama in ga katanga. Na gan ta. Na ce ya taka daga bakin ramin har ƙofar maƙabarta kada ya sauke wayar. Ya taka, na ga ƙofar ƙarfe ta ciki, wadda Illa ya nuna mini a hoto. Ramin cikin katanga yake, ba shakka. Na miƙa wa Rabi ta gani. Na tambaye ta irin tambayar da nake yi wa kowa: kin tabbata? Ta gyaɗa kai. Ɗan sanda ya iso, na ɗauki ƙarfe na liƙe. Ni na tuƙa motar har Roissy, ina tafe ina gaya wa Illa sunayen garuruwan da muke wucewa, kamar yadda Malam Hisen yake yi.

Yana sama cikin jirgi aka cike ramin.

Yahaya ne ya ba ni labari daga baya. Bayan ya gama nuna mini, wasu dattawan gari suka je wurin hakimi suka ce in aka sa jikan bawa tsakanin iyayensu, su za su daina kawo nasu. Hakimi ya janye. Aka tura samari suka mayar da ƙasa, aka sa kwaɗo a ƙofa. Akwati ya iso garin da rana tsaka, bayan doguwar tafiya a bayan mota, ga zafi. Dangin Illa suka ajiye shi bakin ƙofar da ya kafa da hannunsa. Rabi, da ta bi gawar, ta riƙe ƙarfen ƙofa tana jijjigawa. Liman ya ce a ji tsoron Allah, gawa ba ta jira. Gaskiya ya faɗa, ni ma da ina wurin abin da zan ce ke nan. Suka zagaya arewa suka binne shi kusa da ubansa, katanga na kusa da kansa har mutum na iya jingina da ita yana yi masa addu'a.

Alhaji Mahaman ya kira ni, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Malam Habu, na yi iya yina. Yayana ne, ba ni ke mulkin garin ba." Ban ce masa komai ba sai Allah ya ji ƙan Illa. Har yau ban san ko yaudarata aka yi ba, ko shi ma yaudararsa aka yi. Na ga rami da idona, na cika alkawari yadda aka faɗa mini shi, amma mutumin yana waje. Baƙin cikin wannan bai bar ni ba.

Rabi ba ta bari ba. Ku da kuke ganinta tana tuƙa tiram shiru-shiru, ba ku san ta ba. Ta kai ƙara gaban alƙali a birni. Duk hutunta can take ƙarewa. Aka yi ta ɗagawa, yau hakimi ba lafiya, gobe shaidu ba su zo ba. Wasu 'yan garin na Montreuil suka daina amsa gaisuwarta, suka ce ta tona asirin gari a gaban hukuma. Dangin Illa na foye kuwa suka daina ɗora tukunya a taro, aka yi wani taron da burodi da ruwan kwalba. Ni ma an kira ni shaida ta waya, na faɗi abin da na gani. Daga ƙarshe alƙali ya ce maƙabartar gari ta kowane ɗan gari ce, ba wanda ke da ikon hana wani saboda kakansa.

Sai aka zo inda doka ba ta da hannu. Wa zai tone Musulmi bayan ya kwanta? Rabi da kanta ta ce ba za a taɓa ubanta ba. Saura abu ɗaya: in ba za a kai Illa cikin katanga ba, sai katanga ta zo ta same shi. Aka yanke a rushe ɓangaren arewa, a zagaye duka biyun. Hakimi ya ce ya ji, ba ya jayayya da hukuma, amma ba shi da ma'aikata, ba shi da siminti, masu so su yi. Ya san abin da yake faɗa. Ba inji a garin. Yahaya ne da 'yan'uwansa, da guduma da kurfi, bayan sun dawo daga gona. In sun yi tafiyar ci-rani aikin ya tsaya. Wani lokaci su tarar an toshe inda suka fasa da ƙaya da duwatsu, ba a san wanda ya yi ba.

To ga dalilin da ya sa na tsare ku yau. Ada, ƙanen Illa, uban Yahaya, yana kwance a likita a nan. Likitoci sun kira iyali sun yi masu magana. Shekaranjiya na je, ya kama hannuna daidai yadda yayansa ya kama, ya ce shi ma gida, kuma ta ƙofa yake so a shigar da shi, a wuce da shi ta ciki har wurin Illa. Idona ya yi rauni, hannuna na rawa, ba na iya bin bakin tutiya da dalma kamar da. Ɗayanku ne zai riƙe ƙarfen, ni ina tsaye. Shi zai dubi iyali ya ce kun tabbata, alhali ya san rami ma ana cike shi.

Ɗazu kafin ku zo na kira Yahaya, kamar yadda nake yi kowace safiya yanzu. Ina jin ƙarar guduma ta wayar. Na ce, "Yahaya, ina aka kwana?"

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Baba Habu, Baba Illa bai yi wasa da siminti ba. Guduma biyu ta karye, rodi ne ko'ina."

Na ce, "An samu hanya?"

Ya ce, "Akuya tana wucewa. Makara ba ta wucewa tukuna."